Kwale-kwalena na Farko: Yadda Aiki Ya Tafi Daga Zarto Zuwa Bakin Ruwa

'Yan uwa masu koyon wannan sana'a, na yi muku alkawarin zan faɗi yadda aka kwashe da ɗan jirgin da nake haɗawa a nan Yawuri, daɗi da rashinsa. To ga shi, daga littafin da nake rubuta abin da na yi kullum bayan na taso daga makaranta.

Mako na 1 da na 2

Awo na fara yi. Tsawo ƙafa 14, faɗi a tsakiya ƙafa 3, tsayin gefe inci 16, ƙasa a shimfiɗe ba tulu ba. Mutum biyu da 'yar raga nake so ya ɗauka, ba buhunan albasa ba. Na yi lissafin a takarda kafin in sayi ko ƙusa ɗaya, kuma ina ba ku shawara ku yi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jirgi kuma yana nutsewa ne har sai ya ture ruwan da ya kai nauyinsa. Ƙasan nawa ya kai kusan murabba'in mita 3, don haka in ya shiga ruwa da santimita 10 ya ture lita 300 ke nan. Jirgin kansa na ƙiyasta kilo 140, ni da ƙanena mu cike sauran. Saura santimita 30 na gefe a saman ruwa. Hankalina ya kwanta.

A 'yan katako na so madaci, don shi ne itacen jirgi tun kaka da kakanni. Kwale-kwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a jihar Yobe ta yanzu a 1987, wanda ya haura shekara 8,000 kuma tsawonsa ya wuce mita 8, daga itace dangin madaci aka sassaƙa shi. Amma madaci mai faɗi kuma miƙaƙƙe ya yi tsada yanzu, sai na sayi katakai uku don ƙasa, gefe kuma na yi da katako mai sauƙi. Na jingine su a zaure, na sa tsinke tsakaninsu iska ta ratsa.

Mako na 3

Babu abin kirki. Jarrabawar ɗalibai ta cinye ni. Na dai yanka haƙarƙari guda biyar, wato katakan ciki da ke riƙe ƙasa da gefe.

Mako na 4 da na 5

Lanƙwasa gefe ya ba ni wuya fiye da zatona. Katako ba ya son a yi masa dole. Na kafa shi a goshin jirgin, na ɗaura igiya a ɗaya ƙarshen na sa sanda ina murɗawa, kullum kaɗan, ina zuba masa ruwan zafi a inda lanƙwasar ta fi tsanani. Na farko na yi masa gaggawa, sai na ji ƙas! ya tsage daidai wurin wani ƙulli a jikin katakon da ban lura da shi ba ranar saye. Kuɗi sun tafi. Na biyu kwana huɗu na ba shi, ya bi. Ku duba ƙulli tun a kasuwa, ku kuma huda wurin ƙusa kafin ku buga, musamman kusa da baki, in ba haka ba madaci darewa yake yi.

Sannan na yi abin da na ɗauka gwaninta ce. Na goge bakin katakan ƙasa sumul, na shafa farin gam ɗin kafintoci, na matse su har ba ka ganin layin haɗi, kamar saman tebur. Na tsaya ina kallo ina jin daɗi.

Mako na 6

Nan ne aka sauke mini girman kai. Akwai wani dattijo Basarke a bakin ruwa da ya tsufa yana haɗa jirage, na roƙe shi ya zo ya duba. Ya zagaya jirgin sau biyu bai ce komai ba. Ya tsuguna, ya bi haɗin da farcen babban yatsa daga goshi har baya, ya shinshina yatsan.

"Malam, wardirof za ka kai wa amarya ko jirgi za ka sa a ruwa?"

Na ce, "Baba, ai na ga ya haɗu sosai."

Ya ce shi ne laifinsa. Farin gam da ya jiƙa narkewa yake yi, kwana biyu ba za ka same shi ba. Kuma katako yana numfashi ne ta faɗinsa, ba ta tsawo ba: ya sha ruwa ya kumbura, hunturu ya busa ya tsuke. In ka matse busassun katakai ba ka bar musu wurin motsi ba, da sun kumbura sai su ture juna, ƙasan ya bankare ko ƙusa ta ɗago. In kuma ɗanye ka haɗa, iskar hunturu za ta buɗe maka tsagar da za ka hango ƙasa ta ciki. Haɗin jirgi daban yake. Ana fere bakin katakon ta waje kaɗan, yadda ta ciki sun haɗu, ta waje kuma akwai 'yar kwari siririya. Cikin kwarin nan ake cusa auduga.

Ya sa muka kifa jirgin. Ya bi layin da bakin zarto ya buɗe shi, ya murza auduga a cinyarsa kamar mai tufka, ya ɗauko wani ƙarfe mai faffaɗan baki mara kaifi, yana tura ta ciki yana bugawa da 'yar guduma. Abin da ban taɓa sani ba shi ne da kunne ake wannan aikin. Inda auduga ba ta cika ba, bugun yana fita a dushe. Inda ta zauna, sai ƙarar ta koma ƙwas-ƙwas. Ya yi ƙafa biyu ya miƙo mini gudumar. Na yi tawa ƙafa biyun, ya sa tsinke ya zare ta duka da ja ɗaya, ya ce in sake. Sau uku. A na ukun ma bai yaba ba, kawai dai bai zare ba.

Bayan auduga muka narka kwalta a tsohon gwangwani muka bi layin da ita tana da zafi, sannan muka yanka siraran kwano muka rufe, ƙananan ƙusoshi kusa da kusa. Ba shi da kyan gani, na yarda, kuma raina bai so ba da na ga haɗina mai sheƙi ya koma baƙi ƙirin. Wanda zai narka kwalta ya yi a fili, nesa da yara, kada ɗigon ruwa ya faɗa cikin gwangwanin, tartsatsi take yi. Ina da tabo a bayan hannu.

Mako na 7

Benci biyu, fenti shuɗi a gefe, filafili biyu da na sassaƙa da gizago daga ragowar katako. Ɗaya ya fi ɗaya nauyi, na bar wa ƙanena shi.

Mako na 8, ranar saka shi a ruwa

Ranar Asabar da hantsi muka ɗora shi a amalanke, yaran unguwa na biye. Ruwa a cike yake, domin tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 kogin Kwara a nan wajenmu ya zama kamar tafki, ga shi kuma lokacin baƙin ruwa ne, wanda ke isowa daga can Mali da sanyi bayan namu na damina ya wuce. Mun yi bisimilla muka tura.

Ya tsaya daidai, bai karkata ba. Na auna da yatsa, nutsewarsa ba ta wuce santimita 5 ba, kamar yadda takarda ta ce. Ban gama murna ba sai na ga ruwa yana tsattsafowa ta haɗin tsakiya, sannan ta gindin haƙarƙari na biyu, har ya rufe mini tafin ƙafa. Yara suka fara dariya. Gaskiya gabana ya faɗi, na fara kwarfe ruwa da ƙoƙo kamar mahaukaci.

Baba yana zaune a kan wani kifaffen jirgi yana cin goro. Ya ce in daina wahalar da kaina, in ma ƙara masa ruwa. Muka cika shi, muka ɗora duwatsu, muka ɗaure shi a turke ya nutse har baki. Ya ce kada in zo sai Talata. Na zo Lahadi, na zo Litinin, na tsaya daga nesa.

Talata muka kwashe duwatsun muka kwarfe shi. Katakon ya sha ya ƙoshi, ya matse audugar da kansa. Haɗin tsakiya ya kame ƙam. Na zauna a ciki awa guda, abin da ya taru bai cika ƙoƙo biyu ba, duk daga wuri ɗaya, inda na buga wata ƙusa a karkace ta leƙo ta gefe. Wannan laifina ne, ba na katako ba.

Mun tuƙa shi zuwa bakin ciyawar da ke tsallaken mashigi muka dawo, sanye da rigar kariya, duk da tsokanar da masunta suka yi mana. Wanda ya ga hatsarin jirgin ruwan da ya faru a Wara a watan Mayun 2021 ba zai ji kunyar rigar nan ba. A ruwa na gane goshinsa ya yi faɗi, yana mari ruwa maimakon ya yanka, kuma in iska ta taso daga gefe sai ya riƙa zamewa, saboda ƙasan a shimfiɗe yake. Baba ya ce in buga siririn katako a tsawon ƙasan ta waje, zai rage.

Aikin wannan makon ke nan: in zare ƙusar nan, in toshe raminta da tsinken madaci da kwalta, in sa katakon ƙasa. Wanda a cikinku ya taɓa gyara faɗin goshi ba tare da ya kwance gefe duka ba, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi, don ni dai ba na son in sake lanƙwasa katako bana.