Abin da Na Koyo da Ƙafa a Tsohon Birnin Salvador

Salvador, babban birnin jihar Bahiya a arewa maso gabashin Birazil, gari ne mai hawa biyu. A kan tudu Turawan Fotugal suka gina fadar gwamna da majami'u, tun daga 1549 da Tomé de Sousa ya kafa birnin, kuma nan ne fadar mulkin ƙasar har zuwa 1763 da aka mayar da ita Rio de Janeiro. A ƙasa, bakin teku, nan tashar jiragen ruwa da kasuwa da rumbunan kaya suke. Tsakaninsu akwai gangara mai tsayin kusan mita 70. Baƙon yau lif ɗin Lacerda yake shiga, wanda aka buɗe a 1873, kafin ya gama gyara tsayuwa an kai shi sama.

Mu malaman tarihi ne da muka je ziyarar ƙaro ilimi, kuma malamar da ta yi mana jagora ta ce a ranar farko ba za mu shiga lif ba, da ƙafa za mu hau. Muna tsakiyar hanya muna haki ta tsaya ta ce mu tuna cewa duk buhun sukari, duk gangar ruwa, har da manyan gari da ake ɗauka a kujera, a kafaɗar 'yan Afirka suka riƙa hawa wannan tudu. Waɗannan 'yan dako, bayi da 'yantattu, kowace ƙabila tana da majalisarta a kusurwar titi inda ake zuwa ɗaukar su aiki. Bawa yakan kai wa ubangidansa wani kaso da aka yanka masa, saura ya riƙe, wani ma ya tara har ya fanshi kansa. Ke nan suna yawo a gari ba mai gadi, suna haɗuwa kullum, suna magana da harshen da ɗan sanda ba ya ji. Na sha karanta cewa bayin Bahiya sun yi ta shirya tawaye. A kan wannan gangara na fahimci yadda shirin ya yiwu.

Unguwar Pelourinho, inda kowane baƙo ke nufa, kyakkyawa ce ba gardama: gidaje masu launin shuɗi da rawaya da ruwan hoda, tituna na dutse, makaɗa a kowane lungu. Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 1985, daga 1992 kuma gwamnatin jihar ta shiga gyara, gyaran da ya tashi talakawa da yawa daga gidajen da suka daɗe a ciki. Masu jagora sukan kai mutum majami'ar São Francisco ya ga katakon da aka lulluɓe da zinare, sannan majami'ar Rosário dos Pretos mai launin shuɗi, wadda baƙaƙen fata suka gina da guminsu a ƙarni na 18. Duk sun cancanci gani. Sai dai Musulmin da suka zauna a waɗannan lunguna ba su bar gini ba, domin a ɗakunan haya da bayan shaguna suke salla da karatu, a ɓoye. Wanda bai zo da labarinsu a kansa ba, zai wuce ƙofarsu bai sani ba.

Hausawa na cikinsu. A 1807 hukuma ta gano shirin tawayen da Hausawa suka ƙulla, a 1809 aka yi wani, a 1814 kuma suka tashi a wuraren kamun kifi na Itapuã. Mafi girma shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, a goman ƙarshe na watan azumi, wanda ake kira tawayen Malê, wato sunan da ake kiran Musulmin Afirka da shi a Bahiya. A nan dole malami ya riƙe amana: yawancin mutum kusan 600 da suka fito a wannan dare Yarabawa Musulmi ne, Hausawa kaɗan ne, ko da yake cikin malaman da aka tuhuma akwai Bahaushe, Dandará, mai shagon taba, da Banufe, Luís Sanim. Zuciya tana son ta ce namu ne duka, takardun shari'a ba su ce haka ba.

Hanyar da suka bi ita muka bi. Labari ya riga ya kai kunnen hukuma, don haka 'yan sanda suka faɗa gidan Manoel Calafate, ɗaya daga cikin jagororin tawayen, a titin Ladeira da Praça da tsakar dare, mutane suka fito da takubba cikin fararen riguna tun lokacin da aka tsara bai yi ba. Suka nufi kurkukun da ke ƙarƙashin majalisar gari don su saki wani malaminsu da ke tsare, Malam Pacífico Licutan, abin bai yiwu ba. Daga ƙarshe suka gangara don su fita gari zuwa gonakin rake, inda dubban bayi suke. Hanyar kuwa ta bi ta Água de Meninos, gaban barikin sojan doki. Idan ka tsaya a wurin, tudu na gefe ɗaya, teku na ɗaya gefen, ba sai an yi maka bayanin dalilin da yaƙin ya ƙare a nan ba. Kimanin 'yan Afirka 70 suka mutu. An harbe mutum 4 a Campo da Pólvora ranar 14 ga Mayu, an yanke wa Licutan bulala 1,000.

Abin da aka samu a jikinsu da ɗakunansu yana ma'ajiyar takardun jihar Bahiya har yau: ayoyi da addu'o'i da rubutun Larabci, waɗanda aka naɗe aka yi layu da su. Rahoton 'yan sanda ya ambaci alluna. Wani bawa Bahaushe hukuma ta kira ya karanta mata rubutun. Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane wannan hannu.

Wurin da abin ya fi yi mini nauyi shi ne tambayar yadda suka je. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, da rushewar daular Oyo daga baya, sun samar da kamammu daga kowane ɓangare, ana miƙa su hannu zuwa hannu har Legas da Badagiri da Wida, a musanya su da tabar Bahiya. Baturen jirgi ya saya, amma daga wurinmu aka kawo masa. Ko a abinci zumuntar ba ta ɓuya ba. Matan da ke zaune da fararen kaya suna soya acarajé a manja, ƙosai ne suke tsagawa su zuba jatan lande da yaji, a gidajen abinci kuma akwai shinkafa da busasshen nama da har yau sunan Hausa take ɗauke da shi.

Da na dawo aji, na sa makon Bahiya ya biyo bayan makon jihadi kai tsaye, da taswira ɗaya da ta kama daga Gobir zuwa Salvador. Ɗalibin da zai yi rubutu kan cinikin bayi sai ya fara zuwa tsohuwar kasuwa, irin Kurmi ta Kano, ya zagaya da ƙafa, ya tambayi dattawa inda ake tsayar da bayi da ƙofar da ayari ke fita. Muna kuma bin waɗanda suka dawo: bayan 1835 Birazil ta kori 'yantattun 'yan Afirka da yawa, wasu suka sauka Legas, wasu kuma Akra, inda zuriyarsu ake kira Tabom, kuma gidansu na unguwar Jamestown yana nan ana ziyartarsa.