Dalilin da Ya Sa Fina-finan Ban Tsoro Masu Gajerun Labarai Ba Sa Tafiya Bai Ɗaya

Duk wanda ya saba kallon fina-finan ban tsoro irin waɗanda ake harhaɗa gajerun labarai uku, ko huɗu, ko biyar a cikin fim guda, ya san yadda hirar take kasancewa bayan an gama kallo. Da wuya ka ji wani ya yanke hukunci a kan fim ɗin gaba ɗayansa. Abin da za ka ji shi ne, "Labarin ƙarshen nan ne ya ɗauke fim ɗin," ko kuma, "Da sun cire na biyun da ya fi." Wannan ƙorafi ya daɗe yana bin irin waɗannan fina-finai, har ya zama masu kallo suna shiga da shirin cewa za su sami labari ɗaya mai ratsa jiki, ɗaya mai dama-dama, sauran kuma a yi haƙuri da su. Ni mai son wannan salo ne ƙwarai, kuma son da nake yi masa ne ya sa na damu da sanin inda rashin daidaiton yake fitowa, domin a ganina ba tsautsayi ba ne ke kawo shi, yana cikin ginin salon ne tun daga tushe.

Salon dai ba sabo ba ne. Tun zamanin fina-finan da ba su da murya Jamusawa suka fara gwada shi, kamar a fim ɗin Waxworks na Paul Leni da ya fito a 1924. Amma wanda ya kafa tsarin da aka riƙa bi daga baya shi ne Dead of Night, wanda kamfanin Ealing na Ingila ya fitar a 1945: baƙi sun taru a wani gida, kowa ya ba da labarin abin al'ajabin da ya taɓa gani, sannan labarin taron nasu ya naɗe sauran duka.

Matsala ta farko ita ce tsoro abu ne mai bukatar lokaci. A dogon fim mai labari ɗaya, mai ba da umarni yana da kusan rabin awa da zai sa mai kallo ya saba da mutanen labarin, ya san gidan da suke ciki, ya fara jin cewa akwai abin da ba daidai ba tun kafin a nuna masa komai. Fargabar tana taruwa ne sannu a hankali, kuma kowane minti yana ɗorawa a kan wanda ya gabace shi. A fim mai gajerun labarai kuwa, da zarar labari ya ƙare sai duk abin da aka tara ya zube, a koma farawa daga farko da sababbin fuskoki da sabon wuri, alhali minti ashirin ko ƙasa da haka aka ware wa kowane labari. Akwai labarin da wannan ƙurarren lokaci ya dace da shi, musamman mai mutum ɗaya a ɗaki ɗaya da abin tsoro ɗaya. Akwai kuma wanda yake bukatar iyali guda, da tarihin gidan, da dalilin da ya sa fatalwar take neman fansa, kuma irin wannan idan aka matse shi cikin minti ashirin sai ya koma bayani tsagwaronsa, mutane suna ta gaya wa juna abin da ya kamata mai kallo ya gani da idonsa. Tun daga wajen zaɓen labaran ake samun bambancin, kafin a kunna kyamara ko sau ɗaya.

Wannan ƙarancin lokaci ne kuma yake tura marubuta ga dogaro da juyin ƙarshe, wato a ɓoye wani abu har sai minti na ƙarshe a bayyana shi. A labarin farko dabarar tana aiki. A na biyu mai kallo ya fara zargi. Kafin a kai na huɗu ya riga ya koyi ƙa'idar wasan, ya daina jin tsoro ya koma hasashe: mugun mutumin nan zai gamu da sakamakonsa, matar nan ashe ta daɗe da mutuwa. Labarin na huɗun yana iya fin na farkon kyau a rubuce, amma ya zo ya tarar da mai kallo wanda idonsa ya riga ya buɗe.

Sai batun kuɗi da yawan hannaye. Kamfanin Amicus na Ingila, wanda Milton Subotsky da Max Rosenberg suka kafa, shi ne ya fi kowa yin irin waɗannan fina-finai, daga Dr. Terror's House of Horrors a 1965 zuwa From Beyond the Grave a 1974. Salon ya yi musu daidai ne saboda suna iya ɗaukar fitattun 'yan wasa irin su Peter Cushing da Christopher Lee na 'yan kwanaki kaɗan, su sa sunayensu a allon talla, ba tare da biyan kuɗin aikin dogon fim ba. Dabara ce mai kyau ta kasuwanci, sai dai tana nufin cewa labarin da ya faɗa hannun gwanin ɗan wasa yana tashi, wanda kuma yake bukatar dodo ko wata halitta da kuɗin ƙera ta bai isa ba yana faɗuwa, duk a cikin fim guda. A wannan zamani abin ya ƙara faɗi. Fim ɗin The ABCs of Death na 2012 ya ƙunshi gajerun labarai 26, ɗaya ga kowane harafi na Turanci, an ba kowane mai ba da umarni dala 5,000 da 'yancin yin abin da ya ga dama. Ina girmama niyyar buɗe ƙofa ga masu fasaha daga ƙasashe daban-daban, amma idan babu mutum ɗaya da ke da ikon cewa wannan labari bai kai ba, a sake shi, to abin da zai fito tari ne na ayyukan da ba su san da zaman juna ba.

Duk da haka, abin da na fi ɗora wa alhaki shi ne jerin da aka bi wajen shirya labaran, kuma babu misalin da ya fi bayyana wannan kamar Black Sabbath na Mario Bava, fim ɗin Italiya na 1963 mai labarai uku. A yadda aka fitar da shi a Italiya, an fara da labarin matar da ake ta kira a waya ana yi mata barazana, aka bi da dogon labarin iyalin da mahaifinsu, wanda Boris Karloff ya fito a matsayinsa, ya dawo gida ya zama mai shan jinin waɗanda yake ƙauna, sannan aka rufe da labarin ɗigon ruwa. A wannan na ƙarshen, an kira wata ma'aikaciyar jinya cikin dare ta shirya gawar wata tsohuwa mai hulɗa da matattu. Gawar tana kwance idanu a buɗe, haƙora a waje, fuskar ta ƙage kamar tana dariya. Ma'aikaciyar ta hango zobe a yatsan gawar, ta zare shi a ɓoye, garin haka ta ture kofin ruwa ya fara ɗiga a ƙasa, ƙuda kuma ya zo ya sauka daidai inda zoben yake. Da ta koma gidanta sai ɗigon ya biyo ta. Ta rufe wannan famfo, sautin ya tashi daga wancan. Ta rufe wancan, ya dawo daga wani wurin. Kusan babu magana a wannan sashe, sautin ruwa ne kawai da kukan ƙuda da hasken da ke shigowa ta taga yana ɗaukewa yana dawowa.

Wanda ya kalli fim ɗin a wannan jeri yana tashi ne jim kaɗan bayan tsoron ya kai maƙura, don haka sai ya yafe wa labarin farko rauninsa, ya ɗauke shi a matsayin share fage. Amma da kamfanin American International Pictures ya kai fim ɗin Amurka, sai ya sauya jerin, ya sa labarin ɗigon ruwa a farko, ya kuma canza kiɗan, ya gyara labarin wayar ya mai da shi na fatalwa. Mai kallon wannan bugu yana samun abin da ya fi ƙarfi a cikin rabin awar farko, daga nan kuma sai ya ji kamar fim ɗin yana ta gangarowa. Labaran nan uku su ne dai ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, amma mutum biyu da suka kalli bugu biyun za su iya yin gardama mai tsawo a kan ko fim ɗin yana tafiya bai ɗaya, kuma kowannensu yana da gaskiya a kan abin da ya gani.

Wannan ne ya sa nake kāre wani sashe na Dead of Night da mutane da yawa suke kushewa, wato labarin ban dariyar nan na abokai biyu 'yan wasan golf, wanda Charles Crichton ya ba da umarninsa. Idan aka ɗauke shi shi kaɗai, gaskiya ne ba ya ba da tsoro, kuma ba a yi shi don ya ba da tsoro ba. An ajiye shi ne daf da labarin da ya fi kowanne nauyi, na mutumin da ke wasa da ɗan tsana yana sa shi magana, wanda Michael Redgrave ya fito a ciki ƙarƙashin umarnin Alberto Cavalcanti, inda a hankali ɗan tsanan ya rinjayi mai shi, har a ƙarshe aka ga mutumin a gadon asibiti ya buɗe baki muryar ɗan tsanan ta fito. Dariyar da aka yi kafin nan ita ce ta sassauta jikin mai kallo, ta sa ya sauke garkuwarsa, shi ya sa abin da ya biyo baya ya shige shi sosai. Lokacin da aka fara nuna fim ɗin a Amurka an yanke labarin golf ɗin tare da na bikin Kirsimeti don a rage tsawo, sai mafarkin ƙarshen fim ɗin, wanda ke dawo da abubuwa daga labaran da suka gabata, ya zo da fuskokin da 'yan kallo ba su san daga ina suka fito ba. Saboda haka akwai bambanci tsakanin labari mai rauni da labari mai sauƙi wanda aka sa da gangan don ya yi wa wanda zai biyo bayansa hidima, kuma masu sharhi sukan haɗa su su yi musu kuɗin goro.

Labarin da ke ɗaure sauran shi ma yana da nasa rabon a cikin laifin. Sau da yawa ana rubuta shi ne a ƙarshe, don kawai a sami hujjar wucewa daga wannan labari zuwa wancan, kuma mai kallo yana gane hakan nan take. A V/H/S na 2012, wasu ɓata-gari ne suka shiga wani gida neman kaset, suna sa kaset ɗaya bayan ɗaya suna kallo. Da an cire wannan ɗaurin baki ɗaya, babu labarin da zai rasa wani abu. A kwatanta shi da Asylum na 1972, wanda Robert Bloch ya rubuta wa Amicus. Wani matashin likita ya zo neman aiki a asibitin masu taɓin hankali, aka ce masa tsohon shugaban asibitin ya haukace kuma yana cikin majinyatan, sharaɗin samun aikin shi ne ya saurari kowannensu ya gano wane ne. Da wannan tambaya guda, kowane labari ya sami aiki na biyu, domin ko da bai ba ka tsoro ba kana sauraronsa da kunnen mai bincike, kana auna ko mai ba da shi ne mutumin da ake nema. Labaran Asylum ba su kai juna ba, amma raunin mai raunin bai tsinke zaren fim ɗin ba.

Akwai kuma fina-finan da suka kusa kuɓuta daga matsalar gaba ɗaya, kuma abin lura shi ne yawancinsu hannu ɗaya ne ya riƙe su. Kwaidan na Masaki Kobayashi, fim ɗin Japan na 1964 mai labarai huɗu da aka ɗauko daga rubuce-rubucen Lafcadio Hearn, ya kai kusan awa uku, kuma ya ba kowane labari tsawon da yake bukata maimakon a yanka su daidai wa daida. Labarin makahon mawaƙin da aka rubuce jikinsa da nassin addini don a ɓoye shi daga fatalwowi, aka manta da kunnuwansa, ya fi sauran tsawo nesa ba kusa ba, na ƙarshen kuma gajere ne ƙwarai. Kowa yana da wanda ya fi so a cikinsu, amma launi, da kiɗa, da sanyin tafiyar duk iri ɗaya ne, don haka fargabar ba ta zubewa idan labari ya ƙare. Michael Dougherty ya bi wata hanyar a Trick 'r Treat na 2007, inda ya saƙa labaran cikin juna a gari ɗaya da dare ɗaya, mutanen wannan labari suna giftawa ta cikin wancan.

Abin da masu shirya fina-finai suka fi yi da labarin da ya yi fice shi ne su ciro shi su faɗaɗa shi. Labarin da Fruit Chan ya ba da umarninsa a cikin Three... Extremes na 2004 ya fito a matsayin dogon fim mai zaman kansa, haka nan labarin da David Bruckner ya ba da umarninsa a cikin V/H/S ya zama fim ɗin Siren a 2016, a hannun wani mai ba da umarnin daban. Na fahimci dalilin yin hakan, tun da shi ne sashen da 'yan kallo suka yi ta magana a kansa. Sai dai ina ganin sau da yawa abin da ya ba irin wannan labari ƙarfi shi ne gajartarsa: ya nuna halittar, ya ƙi faɗin daga ina ta fito, ya ƙare tun mai kallo bai gama tattara hankalinsa ba. Idan aka ba shi awa ɗaya da rabi dole ne a cike lokacin da bayanin asalinta, da dokokinta, da hanyar da za a iya kashe ta, kuma waɗannan su ne tambayoyin da gajeren labarin ya bari a buɗe da gangan.