Ranar da na zaunar da ɗalibaina a kujerar manaja

Da na fara koyar da ɗa'ar kasuwanci a jami'a, ma'anoni nake karanto wa ɗalibai suna rubutawa. Ranar jarrabawa kowa ya cika min takarda da amana da gaskiya, in ba da maki mu rabu. Amma hankalina bai kwanta ba, domin ban ga wanda darasin ya taɓa wa zuciya ba.

Sai wata rana na shiga aji na ce yau kowa manajan masana'antar ɗinki ne. Jiya an ga bangon ginin ya tsage. Ga kayan kamfanin waje da dole a kammala cikin mako, in an makara kwangila ta tafi, albashin ma'aikata ya tsaya. Mai ginin kuma ya rantse ba komai. A buɗe ko a rufe?

Gardama ta kaure, har masu zaman baya suka miƙe tsaye. Mafi yawansu suka ce a buɗe, kuma hujjarsu ba ta mugunta ba ce: mutane za su kwana da yunwa. Nan na rubuta a allo: Rana Plaza, Bangladesh, 24 ga Afrilu 2013. Na gaya musu Rana Plaza bene ne mai masana'antun ɗinki wanda shi ma ya tsage; banki da shagunan da ke ƙasan benen sun rufe tun da aka ga tsagewar, masu ɗinki kuwa aka tilasta musu komawa. Ginin mai hawa takwas ya rufta, mutum 1,134 suka rasu.

Ajin ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Can wata ɗaliba ta ce, “Malam, ai duk cikinmu ba wanda ya ce a tambayi masu ɗinkin.” Wallahi ni kaina da na tsara darasin ban kawo wannan ba.

Kafin ranar, in na tambayi nauyin da ke kan kamfani game da al'umma, amsar ba ta wuce haƙa rijiyar burtsatse da rabon abincin azumi. Alheri ne, ban raina ba, amma kamfanin da ma'aikacinsa ke tsoron cewa bango ya tsage bai sauke nauyinsa ba, ko rijiya nawa ya haƙa.

Yanzu duk shawarar da za mu yanke a aji, sai na ware mutum biyu su zauna a matsayin leburori, kuma ba a kaɗa ƙuri'a sai an ji ta bakinsu.