Kafin ka kai babur ɗinka mara giya wajen kwalliya

Babur mara giya daɗin hawa gare shi, wannan ba na musu da kowa. Ka murza totur ya tafi, ka saki ya lafa. Da safe a nan Zariya idan Kwangila ta cushe da tireloli da 'yan adaidaita, mai Boxer yana ta fama da kuloci da ƙafa, kai kuwa hankalinka na kan hanya. Ga wurin ajiye hular kwano a ƙarƙashin kujera, ga fili a gaban ƙafa na ɗora cefane, kuma babu sarƙa a waje da za ta kama maka babbar riga ranar Juma'a. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 nake ganin ƙannenmu da yawa sun koma kansa, daga Samaru har cikin Birni. Shi ya sa nake son ku ji inda na yi asarar kuɗina, kada ku bi sawuna.

Ba irin roba-robar da ake taka wa giya da ƙafa nake nufi ba. Ina maganar wanda ba shi da giya sam, wanda bel ke ja. A gefen hagu na tayar baya akwai wani dogon murfi, a cikinsa akwai fuli biyu da bel ɗin roba a tsakaninsu. Fulin gaba yana da ƙananan rola. Idan juyawar inji ta ƙaru sai su buɗe waje su matse fulin, bel ya hau sama, gudu ya ƙaru. A baya kuma akwai kuloci mai kama kansa da kansa. Ran babur ɗin yana cikin wannan murfin, ni kuwa na daɗe ina hawa ban taɓa sa an buɗe shi ba. Hankalina yana kan fenti da sitika.

Kuskuren farko a hannuna yake. Na taso da babur mai giya, hannun hagu ya saba damƙe kuloci. A nan kuwa hannun hagu birkin baya ne. Wajen Agoro wata akuya ta tsallako, na damƙe shi da ƙarfi, taya ta ƙulle a kan yashin gefen titi, sai ga ni a ƙasa gwiwa a ɗaye. Idan daga mai giya ka dawo, nemi fili ka yi ta gwada birki biyun tare, a hankali, har hannu ya manta tsohon hali.

Babbar ɓarnar kuwa a salansa da matatar iska na yi ta. Ƙara nake so. Na sa aka cire salansar kamfani aka ɗaura mai kuwwa, aka cire akwatin matatar iska aka maƙala wata 'yar buɗaɗɗiya mai kyan gani. Ban san cewa iska ta ƙaru, man da kafireto ke bayarwa bai ƙaru ba. Inji ya riƙa zafi fiye da kima, yana tari idan na saki totur. Sannan hunturu ya shigo. Wanda ya san ƙurar Zariya daga Disamba zuwa Fabrairu ya san abin da nake faɗa: ka goge kujera da safe, kafin azahar ka iya rubuta sunanka a kai. Wannan ƙurar ce injina ya yi ta sha. Kafin damina ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai.

Bakaniken da ya sauke injin, wani dattijo a Tudun Wada, ya shafa yatsa a cikin bututun iska ya nuna min. Yatsan ya fito ja wur da ƙasa mai laushi. Ya ɗaga fistin ya juya shi a rana, ga zane-zane a jikinsa daga sama har ƙasa. Ya ce, "Ɗana, wanda ya ƙera akwatin nan da ka yar ba mahaukaci ba ne. Ina ka ajiye shi?" Na ce, "Baba, yana gida." Ya ce in je in ɗauko kafin ya ɗaura komai. Kuɗin fistin da ringi da aiki sun ninka abin da na kashe a kwalliyar. Ga kuma haƙƙin maƙwabta da na riƙa tasa da asuba, wanda har yau yake damuna.

Rola ma na taɓa. An ce min marasa nauyi suna sa babur ya fizga, kuma gaskiya ne, yana fizga daga tsaye. Amma inji kullum a sama yake yana ihu, mai yana zurarewa, a miƙaƙƙiyar hanyar Shika kuma gudun bai kai na da ba. Na mayar da masu nauyin asali. Bel kuwa kada ka jira ya tsinke. Littafin yawancin irin waɗannan babura yana cewa a canza shi wajen kilomita 20,000 zuwa 25,000, amma da zafinmu da ƙurarmu gara a riƙa buɗewa ana hurewa ana duba tsagewa tun kafin nan. A jikin bel akwai lambobin tsawo da faɗi. Ɗauki tsohon ka tafi da shi kasuwar Sabon Gari, kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne". Da damina kuma ka guji kutsawa cikin ruwan da ya kai murfin, domin bel ya jiƙe sai inji ya yi ta kuka babur bai motsa ba.

Fitilu masu walƙiya da ƙaton ham na sa aka jona min kai tsaye ba fiyus. Batir ya riƙa mutuwa. A nan na gane cewa wannan babur ba a tura shi ya tashi, saboda tayar baya ba ta juya inji. Idan batir ya kwanta sai kik, wasu sababbin ma ba su da shi. Duk abin wutar da za a ƙara maka, ka tsaya a kai a sa fiyus, kuma a jona ta bayan makulli.

Baƙin mai: duba jikin galan. Mai alamar JASO MB shi aka yi domin wannan, MA na masu kuloci cikin mai ne. Akwai kuma ɗan man giya dabam a wajen tayar baya, wanda mutane ke mantawa da shi shekara da shekaru.

Ban ce kada ka gyara abinka ba. Matashi yana son nasa ya fita dabam, ni ma har yanzu ina so. Abin da na ji daɗinsa shi ne taya mai kyau, domin tayoyin nan ƙanana ne, inci 10 ko 12, na Boxer kuwa 17, ramin da shi zai haye kai zai iya kayar da kai. Sai takalmin birki na kirki, kujera mai kauri, akwatin baya, da ƙwan fitilar gaba mai haske wanda ba ya kashe wa na gaba ido. Madubi kuma ka bar shi a inda yake, ko abokai sun ce na tsofaffi ne.

Abu ɗaya da nake roƙonku da Allah: babur ɗin nan ba shi da firi. Muddin inji na aiki, duk wanda ya murza totur ya tafi da shi. Yaranmu kuwa a gaba suke tsayawa, hannunsu daidai wurin. Na taɓa tsayawa gaisawa a ƙofar gida na bar shi a kunne, ɗan yayata na tsaye a gabana, ya kai hannu ya murza. Allah ya sa yatsuna suna kan birki, muka tsaya dab da katanga. Tun ranar, ko sallama zan amsa, in dai akwai yaro a kai sai na kashe na zare makulli.