Laraba a bencin asibiti, ni da Kawu da jirgin Ranja

Yau ba ni da darasi sai bayan azahar, shi ya sa kai Kawu asibitin ido ya faɗo a kaina. Maman Ummi ta soya ƙosai tun da duku-duku. Ummi ta ƙi sa safa, aka yi ta lallashi. Babur ya tashi ba gardama, gari kuma da ɗan sanyi mai daɗi, na fita raina fes.

A asibiti aka ɗiga wa Kawu magani a ido, aka ce mu jira ya kama. Kun san shi da zaman shiru, ba ya iyawa. Can ya ce, "Babana, me kake ta latsawa a wayar nan?" Na ce ina shirin darasin Yaƙin Duniya na Biyu ne, sai karatu ya ja ni zuwa labarin wani jirgin ruwa na mutanen Norwe, sunansa Ranja, jirgin dakon mai. Yana jin "dakon mai" ya gyara zama, ya jingine sandarsa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin Apapa da Kano a kan tanka, ai na san na taɓo masa inda yake ƙaiƙayi.

Ya ce, "To ba ni labari, ido ne ba ya gani, kunne lafiya lau."

Sai na faro masa daga tushe. Ranar 9 ga Afrilu 1940 Jamus ta mamaye Norwe. Ƙasar ba ta da yawan jama'a, amma tana cikin manyan masu jiragen kasuwanci a duniya, kuma tankokinta sababbi ne, yawancinsu masu injin dizal. Lokacin da aka ci ƙasar, mafi yawan jiragen suna can warwatse a tekuna. Sababbin masu iko suka yi shela ta rediyo daga Oslo cewa kowane kyaftin ya nufi gida ko tashar ƙasar da ba ta cikin yaƙi. Kyaftin-kyaftin suka yi kunnen uwar shegu. A Landan aka kafa hukuma ɗaya, Nortraship, ta haɗa jirage kusan 1,000 da ma'aikata wajen 30,000 a ƙarƙashin gwamnatin Sarki Haakon da ta yi gudun hijira. Birtaniya kuwa kusan duk man da take sha daga ƙetare yake zuwa, daga Amurka da tsibiran Karibiyan da Gabas ta Tsakiya. In tanka bai iso ba, jirgin sama ba ya tashi.

Kawu ya ce, "Haka yake. Mu ma in muka ajiye makulli kwana kaɗan, gari sai ya tsaya cak. Shi wannan Ranjan fa?"

Na ce shi mamayar ta rutsa da shi ne a Gothenburg ta ƙasar Suwidin, wadda ba ta shiga yaƙin ba. Jamusawa sun toshe mashigin Skagerrak, babu fita. Ingila kuma tana matuƙar bukatar ƙarfe na musamman da boris na Suwidin don injinan jiragen samanta. Kawu ya katse ni, "Wane boris?" Na ce na SKF, a garin ma kamfanin yake. Ya yi dariya har da buga cinya. "Ka ce na asali! Wannan in ka sa shi a ƙafa, sai ka manta da shi." Wata tsohuwa da ke kusa da mu ta juyo tana kallonmu, ita ma ta kasa kunne.

Wani Baturen Ingila mai suna George Binney ne ya shirya satar hanya don fitar da kayan. Jirage biyar na Norwe: Elisabeth Bakke, John Bakke, Tai Shan, Taurus, da Ranja. Daren 23 ga Janairu 1941 suka sulale daga gaɓar Suwidin cikin duhu da mummunan yanayi, fitilu a kashe. Da gari ya waye jiragen yaƙin Birtaniya suka tarye su, amma jiragen saman Jamus ma sun gano su. Aka yi wa Ranja ruwan harsashi. Mataimakin kyaftin ɗinsa, Nils Rydberg, mutumin Suwidin, ya ji rauni, daga baya raunin ya yi ajalinsa. Ranar 25 ga wata duka biyar ɗin suka shiga Kirkwall, a tsibiran Orkney da ke arewacin Sukotilan.

"Alhamdu lillahi," in ji Kawu, har da shafa fuska. Tsohuwar nan ma ta ce madalla. Ni kuwa na yi jim, don na san abin da ke gaba.

Na ce, Kawu, da ya tsira ba hutu aka ba shi ba. Aiki aka tura shi, dakon mai a Tekun Atlantika. A watan Maris 1942 ya yi lodi a Houston ta Amurka, ya nufi Halifax ta Kanada, inda ake haɗa ayarin da zai tsallaka zuwa Ingila. A watannin nan gaɓar gabashin Amurka ta zama mahauta, don Amurka ba ta daɗe da shiga yaƙin ba, ba ta kuma fara yi wa jiragen kasuwa rakiya a wannan layin ba. Kowa shi kaɗai yake tafiya. Ranar 17 ga Maris jirgin Jamus mai nutso, U-71, ya harbe shi da irin bam ɗin nan mai gudu a ƙarƙashin ruwa. Mutum 34 ne a ciki. Ko ɗaya bai fita ba.

Kawu ya daɗe bai ce komai ba. Maganin yana sa idonsa ruwa, ya goge da bakin hula.

"Talatin da huɗu?"

Na ce e.

"Da cikakken lodi?"

Na ce e, mai ne a cikinsa.

Ya ce, "To ba ruwa ne ya fara cin su ba." Ya ce direban tanka kamar mutum ne da ya zuba garwashi a aljihun riga yana tafiya, kullum yana jin ɗuminsa. Sai ya shiga ba ni dokokinsu: ba ashana, ba taba, ba a hura wuta kusa da mota ko shayi za a dafa, kuma tankin da aka sauke ya fi cikakke mugunta saboda tururin da ke maƙale a ciki. Na gaya masa su ma na teku haka suke. Da kayansu suke kwana, rigar ceto a jiki ko a gefen kai, ƙofar ɗaki a saƙale a buɗe don kada bugu ya murɗe ta mutum ya kasa fita. Abin da ya fi tsorata su shi ne man da ke malala a kan ruwa yana ci da wuta, wanda ya yi tsalle ya bar jirgi sai ya faɗa cikinsa.

Ya ce ai da an haɗa su kwamba da rakiyar soja, da sun tsira. Na ce rakiya ta rage asara ƙwarai, amma ba kullum take ceto ba. A ƙarshen Disamba 1942 tankoki tara suka tashi daga Trinidad za su Jibralta, a bakin Bahar Rum, da man sojojin da ke yaƙi a Arewacin Afirka, jiragen rakiya huɗu ne kacal tare da su. Ayarin TM 1 ke nan. Bakwai aka nutsar a hanya, cikinsu har da Albert L. Ellsworth da Minister Wedel na Norwe. Biyu suka isa a tsakiyar Janairu 1943, ɗayansu Vanja, shi ma na Norwe.

Sai ya yi tambayar da tun ɗazu nake jin tana zuwa. "Wanda ya ga wannan da idonsa ya tsira, me ya hana shi ajiye aiki ya koma gida?" Na ce wane gida, Kawu? Gidan yana hannun Jamus. Shekara biyar wasunsu ba su ga matansu ba, wasiƙa ma da ƙyar. In an tsamo mutum daga ruwa a kai shi tasha, ya ɗan murmure, sai a ba shi wani jirgin. Kafin yaƙi ya ƙare Nortraship ta rasa jirage wajen 500, mutane kuma sama da 3,000.

"Har da yara a ciki?" Na ce jiragen Norwe na lokacin suna ɗaukar yara matasa, 'yan shekara 15 ko 16, masu wanke-wanke da hidimar ɗakin cin abinci. Ya gyaɗa kai kawai.

Nan aka kira sunansa. Likita ta duba, ta ce yanar ta nuna, za a sa ranar aiki bayan an auna jini da suga. Mun karɓi takarda, mun sayi magani. Komai ya tafi daidai.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe a kan babur ma tana cinsa. Ya taɓa kafaɗata a kan danja, ya ce, "Babana, waɗanda suka rayu, an biya su haƙƙinsu?" Sai da na sauke shi a ƙofar gida muka zauna a dakali na ba shi amsa, don ba maganar da za a yi cikin hayaniyar titi ba ce. Kuma wannan ɓangaren ne ya ɓata mini yini.

A farkon yaƙi ana biyan ma'aikatan jiragen Norwe alawus na haɗari mai tsoka, ya fi na takwarorinsu na Birtaniya. Ingila ta matsa a daidaita, a 1940 aka zaftare shi. Wani kaso na bambancin aka riƙa zubawa a wani asusu, su kuma ma'aikatan suka riƙe a ransu cewa kuɗinsu ne ake tara musu, in yaƙi ya ƙare za a damƙa wa kowa nasa. Asusun ya kai kurona (kuɗin Norwe) miliyan 43 da ɗoriya. Da aka gama yaƙi majalisar ƙasar ta ce ba za a raba ba, za a riƙa tallafa wa mabukata da matan mamata daga ciki. Suka kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 1954 aka kayar da su. Da yawansu sun dawo da firgita da rashin barci, wasu suka faɗa shaye-shaye, jama'a na yi musu kallon 'yan tasha. Sai a 1972 majalisa ta amince a ba kowa kurona 180 a kan kowane wata da ya yi a teku lokacin yaƙi, shi ma a matsayin kyautatawa. A 2013 ministar tsaro, Anne-Grete Strøm-Erichsen, ta tsaya a garin Risør ta ba su haƙuri a madadin gwamnati. Mafi yawansu a lokacin sun riga sun rasu.

Na ce ni dai ina ganin ban-haƙurin ya yi amfani, ko don 'ya'ya da jikoki su ji an wanke iyayensu. Kawu ya girgiza kai. Ya ce, "Ana tara maka. Na san wannan maganar." Ya ce akwai maigidan da ya yi wa tuƙi shekaru, duk wata sai ya cire wani abu daga albashinsa ya ce ajiya ce, in ta taru zai haɗa masa ya sayi tasa motar. Ranar da ido ya fara ba shi matsala ya je neman ajiyarsa, sai aka buɗe littafi aka shiga lissafa masa tayoyin da suka fashe da man da ya yi gibi a hanya. Da abin da bai kai kuɗin buhun shinkafa biyu ba ya fito. Ya ce, "In zai ba ni haƙuri, ya zo ina da rai, ya zo da kuɗina a hannu. Haƙurin da za a ba jikana, na jikana ne."

Ban iya ce masa komai ba. Har yanzu ina ganin abin da aka yi a Risør ya fi shiru, amma ba ni aka ci wa gumi ba, kuma gwamnatin da ta sami kuɗin gudanar da kanta a gudun hijira daga hayar jiragen nan ba ta da hujjar sa mutanen su jira shekara 27 kafin kurona 180. Wannan yana yi mini ciwo sosai.

Darasin azahar ya tafi salin-alin. Yara sun fi son jin labarin jiragen sama. Na ɗan sako musu Ranja a ƙarshe, wata yarinya a layin baya ta rubuta sunan a bangon littafinta.

Wuta ta zo da magariba ta koma. Ummi ta yi barci ba ta ci tuwo ba.

Bayan isha'i Kawu ya kira, abin da ba ya yi da dare. Ya ce yana da wani yaron mota a da, ɗan shekara goma sha shida, wanda wuta ta ci a wata tashar manyan motoci a hanyar kudu, yana barci a ƙarƙashin tanka lokacin da ta kusa da su ta kama. Shi Kawu ya tafi sallah a tsallaken titi. Duk zamana da shi ban taɓa jin wannan ba. Ya ce mai motar ko ta'aziyya bai je ba, shi ma tun sadakar bakwai bai sake taka gidan ba saboda nauyin haɗa ido da uwar yaron. Yana so in kai shi gobe, in tana da rai ya gaishe ta, in ta rasu ya ga 'yan'uwansa.

Na ce gobe da jibi ina da darasi tun safe, sai dai Asabar. Ya ce to Asabar ɗin, in zo da wuri, kuma in tsaya a hanya in sayo masa goro da sukari.