Akwatin ƙarƙashin gadon Kaka

Asabar, da dare.

Goggo ce ta kira ni tun da sassafe, wai in zo mu rage kayan ɗakin Kaka, Allah ya jiƙanta, tunda kowa sai zillewa yake yi. Tufafi ba su ci mana lokaci ba. Akwatin da ke ƙarƙashin gado shi ya cinye yinin.

Zane-zanenmu ne a ciki, na jikoki kaf, kowa da ambulan ɗinsa. A bayan kowace takarda Kaka ta rubuta shekarun mai zanen da ɗan sharhi, irin na malamai. Akwai wani doki da na zana ina ɗan shekara shida, ga abin da ta rubuta: "Ƙafa biyar. Amma ya lura da lanƙwasar wuya." Na ƙyalƙyale da dariya, Goggo ta harare ni, da ta karɓa ta karanta ita ma ta kasa riƙe tata.

Masu zuwa gaisuwa kowa cewa yake Kaka mai haƙuri ce. Ni dai ban cika yarda ba. Tana da haƙuri da wanda bai iya ba, amma ba ta da shi ko kaɗan da wanda bai duba ba. Zane ta koyar a sakandare har ta yi ritaya, kuma halin ajin ya biyo ta gida. Ba za ka kawo mata takarda ta ce "ya yi kyau" don ka ba ta wuri ba. Sai ta ɗauko tabarau, ta nisanta takardar, ta daɗe tana kallo, kai kuwa cikinka na ɗurar ruwa.

Duk yaro idan ya zana fuska, can sama kusa da gashi yake kai idanu. Sai ta zaunar da kai gabanta, ta ce ka miƙe hannu sosai da fensir, ka rufe ido ɗaya, ka auna da babban yatsa daga tsakar kanta zuwa idonta, sannan daga ido zuwa haɓa. Kusan daidai suke: idanu a tsakiyar kai suke. "To, ɗan nan, wa ya ce maka a goshi suke?" Haka batun inuwa. Ta hana mu shafa baƙi. In kana son ja ya yi duhu, ɗiga masa kore kaɗan. In rawaya ce, shunayya. A fentin ruwa kuma daga mai haske ake farawa a gangaro zuwa mai duhu, farin takarda shi ne farinka, in ka rufe shi ya tafi ke nan.

Mun tarar da gwangwanin fensiranta, duk sun zama guntaye. Ita ta fara gaya mini ma'anar haruffan jikinsu: H mai tauri ne, B mai laushi da baƙi, kuma yawan yumɓun da aka cuɗa da girafait, wato baƙin cikin fensir, ne ke ƙara taurin. 6B ɗinta ba mai taɓawa.

Da hannunta ya fara rawa, buroshi ya gagare ta, mun ɗauka shi ke nan. Ashe ba haka ba. Ta ba mu labarin Henri Matisse, mai zane ɗan Faransa, wanda bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 ya koma yawan zama a keken guragu da kan gado, yana yanka takardu masu launi da almakashi, har kusan rasuwarsa a 1954. Ita ma ta koma almakashi da gam, ta tara ƙananan jikoki a kan tabarma, kowa ya tashi hannu duk danƙo. Iyayensu na mita, ko a jikinta.

Abin da ya ɗan sosa mini rai, nata zanen na kanta kaɗan muka samu. Goggo ta ce yawanci ta rabar, wasu kuma ta juya bayansu ta ba mu muka yi ta jagwalgwalawa.

Goggo ta ɗauki almakashin, ni gwangwanin. Gobe in Allah ya kai mu zan fara kai wa kowa ambulan ɗinsa, na nesa in tura musu hotuna ta WhatsApp. Na ƙanwata ya ninka nawa kauri, kuma na san gorin da zan sha.