Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yadda Na Samu Mai Taya Ni Jinyar Malam

A makon jiya na tsaya inda Malam, maigidana mai fama da ciwon mantuwa, ya fara tashi tsakar dare yana laluben takalmansa, wai zai tafi aiki, aikin da ya ajiye tun autarmu tana makaranta. Daga nan barci ya ƙaurace mini. Ina kwance kunnena na kan ƙofa, gari ya waye in shiga wanka da ciyarwa da wanke shimfiɗa. Har jiri ya fara ɗibata a tsaye.

Da muka koma wurin likitan ƙwaƙwalwa, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce maganin donepezil ɗin da Malam ke sha yana rage kaifin alamomin na ɗan lokaci ne kawai, cutar Alzheimer kuwa gaba take yi. Ya ce bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, masu ciwon mantuwa sun haura miliyan 55, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari irin ta Malam ce. Na yi shiru ina tunanin mata nawa ne a cikin gidajen nan suke kwana ido biyu kamar ni. Sannan ya ce in nemo mataimaki tun ina da sauran ƙarfi, domin idan na faɗi, majinyata biyu za a samu a gida ɗaya.

Na tara yara. Kullum sukan ce, "Mama, in akwai abin da kike so ki faɗa," ni kuma in ce ba komai. Wannan karon na raba aiki da suna: babban ya ɗauki kai shi asibiti da kwanan ƙarshen mako, ta biyun ta ɗauki albashin mai jinya. Wasu dangi sun yi ta maganganu, wai mace da ranta ta miƙa mijinta ga bare. Maganar ta sosa mini rai ƙwarai, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mai jinya na farko da aka kawo bai daɗe ba. Yaron kirki ne, sai dai yana gyara wa Malam magana. Malam ya ce mahaifiyarsa na jiransa, yaron ya ce ai ta rasu tuntuni, sai ga Malam yana kuka kamar yau aka yi masa ta'aziyya. Da safe ya kore shi, yana kiransa ɓarawo.

Na biyun wata ma'aikaciyar jinya ce ta haɗa mu da shi. Dattijo ne mai sanyin murya wanda ya yi jinyar mahaifinsa. Ban bar shi ya taɓa Malam ba da farko. Yakan zo ya zauna, su yi hira ina wurin, har fuskarsa ta zama ta gida. Na sayi littafi na rubuta masa mijina: ta gaba ake zuwar masa, umarni ɗaya ake ba shi a lokaci ɗaya, ba a tambayarsa "ka gane ni?", wanka da safe ya fi masa sauƙi. In ya nemi mahaifiyarsa, a ce ya ba da labarinta. Da rana ta yi sanyi yake rikicewa, don haka a kunna fitilu da wuri, a rage hayaniya. Na kuma rubuta gargaɗin likita: in ruɗewarsa ta ƙaru farat ɗaya, a duba fitsarinsa ko zazzaɓi, domin ƙwayar cuta a mafitsara takan jawo haka ga tsofaffi. A shafin ƙarshe na sa cewa ya yi shekaru yana koyarwa, a riƙa girmama shi yadda ya saba.

Dattijon nan har yau bai taɓa kiransa da wani suna ba sai "Malam", yakan ma kawo masa lissafi ya ce ya duba masa. Sai ka ga Malam ya gyara zama ya nemi tabarau. A sa'o'in nan nake barci, in sha maganin hawan jinina a kan lokaci, in leƙa ƙawata.

Dare dai, in ban da ƙarshen mako, har yanzu nawa ne. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da Malam ya buɗe ƙofa ya fita, da katin da muke saka masa a aljihu tun daga lokacin.